Haukan Wucin Gadi A Garin Sai-Godiya

A wani gari da ake kira Sai-Godiya, an yi wani mai wanki da guga sunansa Jatau. Garin ya samo sunansa ne daga bakin mutanensa, don ko gobara ka tarar suna kashewa ka ce musu yaya gari, amsar da za ka samu ke nan. To ko a cikinsu Jatau ya yi fice wajen haƙuri. Shekara goma sha tara yana wanki a rumfarsa ta bakin Kasuwar Ba-Ragi, ba wanda ya taɓa jin ya ɗaga murya, ko ranar da akuya ta cinye masa hannun rigar liman.

A gaban rumfar akwai famfo. Zaɓaɓɓen shugaban garin, Mai Girma Alhaji Na-Cika, sau uku yana ƙaddamar da wannan famfo, kowane karo da sabon fenti da makaɗa. Hukumar Ruwa da Iska ce ke kula da shi, kuma a faɗi gaskiya tana cika rabin aikinta, don iska ba ta taɓa yankewa ba. Ruwan wanki kuwa wurin 'yan garuwa Jatau ke saye.

Wata Laraba sai Majalisar Amin-Amin ta zauna ta yanke cewa tunda an ƙaddamar da famfo har sau uku, ruwa ya wadata, saboda haka 'yan garuwa ɓata sunan gari kawai suke yi. Aka kore su. Ranar Alhamis Jatau ya wayi gari da tulin kayan Juma'ar mutane, ba ko ɗigo a baho. Ya je ya murɗa famfo. Famfo ya yi tari, ya yi atishawa, can sai ga kyankyaso ya leƙo, ya dubi Jatau, ya koma ciki. A daidai lokacin rediyon mai shayi ke roƙon jama'a su rage almubazzaranci da ruwa.

Jatau ya koma rumfa ya ɗauko dutsen guga. Sau goma sha ɗaya ya maka wa famfon, ya ƙara biyu a kan allon da ke ɗauke da sunan Mai Girma. 'Yan sandan garin, waɗanda kan yi kwana uku kafin su iso inda aka yi sata, suka iso kafin kan famfon ya gama gangarawa kwata.

Matarsa Delu ta ja tunkiyarta ta kai wa Lauya Zamiya, wani gajere mai yawan murmushi da bai taɓa faɗuwa shari'a ba, saboda ba ya barin gaskiya ta matso kusa da ita. Lauya ya sami Jatau a tsare.

"Ɓarnar kayan hukuma, shekara bakwai ce," in ji shi. "Sai fa in hauka ka yi."

"Ni ban yi hauka ba. Fushi na yi."

"Malam Jatau, fushi laifi ne, hauka kuwa lalura ce. Kuma ba irin na bin bola nake nufi ba. Na wucin gadi. Ya zo, ya yi aikinsa, ya tafi."

Sai dai kafin kotu ta yarda hauka ya tafi, dole Likita Ma'auni na Ofishin Tantance Hankali ya sa hannu. Likitan tambaya ɗaya gare shi.

"Malam Jatau, akwai ruwa a famfon nan?"

"Babu, likita."

Likita ya girgiza kai cikin tausayi, ya rubuta: da saura.

Mako uku ana haka. Tambaya ɗaya, amsa ɗaya, rubutu ɗaya. Ranar da Delu ta kawo masa tuwo, ta ajiye kwanon da ƙarfi.

"Baban Lanti, ka ce akwai mana! Bakinka ne zai jiƙe? Masu kaya sun kwashe kayansu sun kai wani wuri, yara kullum sai sun tambaye ni kai. Famfon ubanka ne da za ka yi masa shekara bakwai?"

Jatau bai ci tuwon ba. Amma da aka shiga kotu gaban Alƙali Duba-Sama, likita ya maimaita tambayar, ya sunkuyar da kai ya ce akwai.

"Da yawa?" in ji alƙali.

"Har ambaliya yake yi, Allah ya gafarta Malam."

Alƙali ya ɗaga kai ya dubi rufi, kamar yadda ya saba kafin kowane hukunci, kasancewar ofishin Mai Girma a saman kotun yake. Sannan ya sallami Jatau da takardar shaida mai hatimi: haukan wucin gadi na minti goma sha biyu, ya warke sarai. Jatau ya koma gida ya yi kwana biyu bai iya haɗa ido da kowa ba. Maƙwabta suka yi ta zuwa dubiya, har da mai kawo rubutun sha.

Daga nan ciwon ya bazu, amma abin mamaki, unguwar manya ya fi kamawa. 'Yan majalisa suka kakkarya kujeru a kan juna wajen rabon motoci, likita ya rubuta musu rabin awa-rabin awa. Mai kula da siton taki hauka ya kama shi ya cinna wa siton wuta, kuma cikin ikon Allah haukan ya jira sai da aka kwashe takin tukuna. Wasu masu hangen nesa suka fara karɓar takarda tun kafin ciwon ya zo, su bar wurin kwanan wata fili. Wani mai tura baro da ya fasa tulun maigidansa shi ma ya nemi ganin likita, aka ce layi ya cika har baɗi, aka yi masa bulala ashirin ya tafi da hankalinsa.

Ana nan sai aka kafa sabon famfo, Mai Girma ya zo ƙaddamarwa ta huɗu. Matan kasuwa, Delu a gaba, suka zo da bokitai wayam. Ba su zagi kowa ba. Da ya murɗa famfo iska ta fito, sai suka kifa bokitan suka shiga kaɗa su, har suka danne makaɗan hukuma. Mai Girma ya shiga mota bai gama jawabi ba.

Washegari katafila uku suka shigo Kasuwar Ba-Ragi. Kwana uku suna aiki. Rumfar masu tumatir, layin 'yan tireda, rumfunan mahauta, duk suka kwanta. Jatau yana tsaye aka bi ta kan tasa, da teburin gugarsa da bahonsa biyu a ciki.

'Yan kasuwa suka yi abin da ba a taɓa yi ba a Sai-Godiya, suka kai Mai Girma ƙara. Ranar shari'a sai ga Lauya Zamiya ya miƙe a ɓangaren wanda ake ƙara, da sabuwar riga. Ya ce wanda yake karewa mutum ne mai son jama'a, ƙarar bokiti ce ta taɓa masa kai, kuma wannan kotu mai albarka ta riga ta san irin ciwon tun shari'ar Jatau. Ya nemi a kira Jatau shaida.

"Malam Jatau, lokacin da abin ya zo maka, ka san abin da kake yi?"

Jatau ya dubi 'yan kasuwa da suka cika benci. Ya dubi Delu. Ya tuna shekara bakwai ɗin nan tana nan ba inda ta je.

"Ban sani ba."

"Madalla. Koma ka zauna."

Amma Jatau bai zauna ba. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni nawa minti goma sha biyu ne. Katafilar nan kwana uku ta yi, direbobi har hutun salla da cin abinci suke tafiya. Wane irin wucin gadi ne wannan?"

Alƙali ya ce tambaya ce ta masana, a kira likita. Likita Ma'auni ya gyara tabarau.

"Ai ciwon girman mutum yake bi, Allah ya gafarta Malam. Na mai wanki, minti goma sha biyu. Na ɗan majalisa, rabin awa. Irin na Mai Girma kuwa shekara huɗu yake yi."

"Daga nan sai ya warke?"

"Ana iya sabunta shi sau ɗaya."

Alƙali ya dubi rufi, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya yanke cewa duk abin da Mai Girma ya rushe, da wanda zai rushe kafin wa'adin ya cika, ba shi da alhaki a kai, kuma ya hori jama'a su guji tayar wa mara lafiya hankali.

Bayan wata biyar zaɓe ya zo. Aka manna hotunan Mai Girma a kan ɓaraguzan kasuwa, ƙarƙashinsu an rubuta: ku ba shi dama ya warke. Aka raba taliya da sabulu sanda ɗaya-ɗaya. Tun da hantsi layi ya miƙe daga rumfar zaɓe har bayan gari, mahauta, masu tumatir, 'yan tireda, kowa da ƙunshinsa a hammata, ana ta raha. Jatau na tsakiya, ya rufe nasa da hula.

Delu ba ta shiga layi ba. Tana zaune gindin darbejiya sai ga Likita Ma'auni ya fito daga rumfa yana goge tawada a babban yatsa. Ta tare shi.

"Likita, don Allah tambaya gare ni. Waɗannan fa?" Ta nuna layin da haɓa. "Su ma na wucin gadin ne?"

Likita ya cire tabarau, ya bi layin da kallo tun daga farko har inda ido ya ƙare.

"Wallahi, Hajiya, wannan ba fannina ba ne. Ni na wucin gadi kaɗai na karanta."