Rasuwar Tomasa, Janwen Bardas Blancas, da Sunan Wanda Ya Kashe Ta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu a ƙirjina da ya fi baƙin ciki zafi, ni Nicanor Funes, mai janwe a Bardas Blancas, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da duk direbobin hanyar kudu rasuwar motata Tomasa. Ta cika ranar Talata da hantsi a tsakiyar gadar kogi, da kaya a bayanta, bayan shekara talatin da ɗaya tana aiki. Ba tsufa ne ya kashe ta ba. Na fara da wannan ne saboda akwai mai yawo a gari yana cewa tsufa ne, kuma zan zo kansa.

Duk wanda ya taɓa bin tsakuwar nan da motar tafi-da-gidanka ya san marigayiya, ko da bai so ya san ta ba. Mutanen birni sukan ɗauko gida sukutum a kan taya, da gado da firji da banɗaki, suna zaton kwalta ce har ƙarshen ƙasa. Sai gargada ta karya musu sifirin, ko dutse ya huda tankin mai, ko kuloci ya ƙone a hawan dutse saboda sun cika ciki da tukwane da kekuna. Daga nan sai su tsaya a bakin hanya suna ɗaga waya sama. Tomasa ce take zuwa. Ta je a iska, ta je a dusar ƙanƙara, ta taɓa zuwa da fitila ɗaya. Akwai shekarar da ta zaro wani likitan haƙori na Rosario daga yashi, shi da matarsa da karnuka biyu, matar ta sauko ta sumbaci bonet ɗinta da ƙurarsa da komai. Tomasa ba ta taɓa barin kowa a hanya ba, ko sau ɗaya.

Ba zan ce ba ta da hali ba. Ƙofar direba ba ta buɗuwa ta waje, sai ka zaga. Giya ta biyu kuma sai ka lallashe ta. Da safe takan yi tari uku, kuhu, kuhu, kuhu, ta yi shiru kamar ta fasa, sannan ta kama da gurrr ɗin nan da ke kaɗa gilasan maƙwabta. In tana naɗe igiyar ƙarfe kuma sai ka ji ƙiii, a hankali, ba gaggawa. Wannan kukan shi ne yanzu babu shi a gidana.

Duk watan Afrilu, kafin sanyi ya sauko, da hannuna nake zubar da ruwan lagiretonta in zuba mata koren ruwan nan da ke hana daskarewa. Shekara talatin da ɗaya ban tsallake ba. A garin nan ko jaki ya san abin da ruwan bokiti yake zama in ya kwana a waje a watan Yuli, tsakiyar hunturunmu.

Ga yadda jinyarta ta kasance. An kwantar da ni a asibiti a Malargüe za a yi mini aikin kaba. Ƙanwata Herminia ta zo ta zauna a bakin gadona tana roƙo in ba mijinta Anselmo Quiroga makulli, wai kwana goma ne kawai, wai zaman banza ya ishe shi, in ba shi dama ko sau ɗaya. Na san Anselmo. Mutum ne da bai yarda akwai abin da waya ba za ta ɗaure ba. Ƙofar gidansa waya ce ke riƙe da ita, salansar motarsa waya, har tabaransa. Amma ƙanwa ƙanwa ce. Ranar Juma'a na ba shi makulli, na ce masa abu ɗaya: in wani abu ya samu motar, ya kira Don Ruperto bakanike, kada ya sa mata hannu. Ya ce in kwantar da hankalina.

Ranar Lahadi aka kira shi ya janyo wata tafi-da-gidanka ta wasu tsofaffi daga Córdoba. A hawan dutse tiyon lagireton Tomasa ya fashe, koren ruwan ya tsiyaye ƙasa. Tiyo yana fashewa, wannan ba laifin kowa ba ne. Amma Anselmo bai kira Don Ruperto ba. Ya yanki tsohon tub na taya ya naɗe tiyon, ya ɗaure da waya. Da ya rasa ruwa sai ya taka zuwa ɗan ɗakin Difunta Correa, waliyyiyar hanya, da ke wata kwana, inda matafiya ke jera mata kwalaben ruwa saboda ƙishirwa ce ta kashe ta a daji, ya kwaso ya ɗura wa Tomasa har ta cika. Ko wannan ma ban riƙe shi da shi ba. Direba in ya shiga matsi yakan ɗauka, daga baya ya mayar, ita ba ta hana. Amma in ka iso gida sai ka kwance ƙasan lagireto ka zubar, domin ruwan sha ne zalla. Shi da ya iso bai zubar ba. Bai ma shigar da ita rumfa ba, don bai iya baya da ita ba. Ya bar ta a fili, ya tafi cin gasasshen ɗan akuya gidan abokinsa.

Da gari ya waye ranar Litinin ruwan ya zama dutse a cikinta, ya tsaga bulon injin. Anselmo ya dafa ruwan zafi ya kwara mata, ya tayar da ita da ƙarfin tsiya. Ya zaro sandar awon baƙin mai ya ga man ya koma fari kamar madara, ya mayar ya rufe bonet. Ko a lokacin da ya tsaya, da wataƙila yau ba ta'aziyya nake rubutawa ba. Bai tsaya ba. Ranar Talata ya sake ɗora mata kaya, ta ja iyakar ƙarfinta, a kan gada ta yi ƙara ɗaya, kwas, ta tsaya. Wani direban babbar mota da ke bayansu ya ce ko tari ba ta yi ba.

Da yamma ya zo asibiti da lemo a leda, ya tsaya daga ƙafar gado yana murza hula.

"Yaya, sai haƙuri," in ji shi. "Tsohuwar ce ta gaji."

Ina kwance da ɗinki a ciki, na yarda. Har na ce masa kada ya damu.

Da aka sallame ni na tarar labari ya riga ni isowa. A shagon Doña Eulalia, inda kowa ke tsayawa sayen burodi da ganyen mate, shayinmu na nan, Anselmo ya zauna ya ba da nasa bayanin: wai motar ta daɗe da ruɓewa, wai ni ba na duba ta, wai shekara da shekaru ina jan gidajen mutane da iyalansu a hawan dutse da gawa, Allah ne kawai ya tsare. Wani direba da na taɓa cirowa daga rami ya gan ni a bakin shagon ya ce, ashe Nicanor da akwatin gawa ka ja mu. Da wasa ya faɗa, aka yi dariya. Ni ban yi ba. Mota tana mutuwa a samu wata. Amma mai janwe da aka ce ba ya duba motarsa, ba wanda zai sake ɗora masa gidansa da matarsa, ko da sabuwa fil ya sayo. Sunana ne kawai nake aiki da shi a hanyar nan.

Don Ruperto ya buɗe injin a gabana. Tsaga ce a gefen bulon, tsawonta ya fi tafin hannuna. Ya sa yatsa a ciki, ya ɗago ya kalle ni ta saman tabarau.

"Wannan ba tsufa ba ne, Nicanor. Ƙanƙara ce. Wa ya ba ta ruwan banza?"

Na je na sami Anselmo. Ya rantse da kabarin uwarsa bai taɓa murfin lagireto ba. Wayar da ke jikin tiyon ma ya ce ya tarar da ita a haka. Har ya dafa kafaɗata ya ce wataƙila ciwo ne ya sa na manta da koren ruwan bana, ba abin kunya ba ne, girma ne ya fara kama ni. Na cire hannunsa na dawo gida. Maganata da tasa ce, kuma shi ya fi ni baki.

Matata Ofelia ce ta shiga gaban motar don ta kwashe bargo da kofin mate ɗina. A bayan kujera ta tarar da kwalabe sha ɗaya, babu komai a ciki, an cusa su an rufe da buhu. Ofelia ba mai hayaniya ba ce. Ta ɗauko ɗaya ta ajiye a kan tebur a gabana ina cin abinci, ta juyo da ita. An liƙa takarda a jiki, rubutunta ne: Domin Nicanor, ya tashi lafiya daga aikin. Ranar Asabar ta kai wa Difunta wannan kwalbar, ta hau motar haya ta je ta dawo, kwana ɗaya bayan na ba Anselmo makulli. Ni kuwa a ranar ko banɗaki sai an riƙe ni. Ruwan da matata ta ajiye don in rayu, shi aka ɗura wa motata ta mutu. Ban ƙarasa abincin ba.

Herminia ta zo washegari idonta ja. Ta ce, "Yaya, ka rufa mana asiri, uban 'ya'yana ne." Na ce mata ba na neman ko ƙusa ɗaya daga hannunsa. Abin da nake so kawai, ya koma shagon Doña Eulalia, kan kujerar da ya zauna ya yi ƙarya, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, shi ke nan na yafe. Na ba shi zuwa Alhamis. Alhamis ta zo ya aiko Herminia da saƙo wai kwalba kowa yana iya jefawa a mota. To. Ni kuma na sa a buga wannan, a liƙa a shagon, da gidan mai, da ƙofar gareji.

Marigayiya ta rasu ta bar ni, da Ofelia da ta yi shekara talatin tana kishi da ita kuma ta fi kowa kuka. Ta bar sarƙa biyu, da ƙugiya, da jak, da igiyar ƙarfe da ba ta taɓa tsinkewa ba, da tayar safaya da ba ta kai ga taka ƙasa ba. Ta bar karenmu, wanda har yanzu yake zuwa ya kwanta a inda inuwarta take. Ta kuma bar ɗaruruwan motocin tafi-da-gidanka da suka koma garuruwansu saboda ita. An ce mini Anselmo yana tambaya ko za a ba shi batir ɗinta tunda sabo ne. Ba ya cikin magada.

Kwalaben nan sha ɗaya mun cika su mun mayar wa Difunta, ni da Ofelia, domin ita ba ta yi mana komai ba.

Ana karɓar gaisuwa a rumfar da marigayiya take kwana, daga yau har Juma'a. Akwai mate da soyayyen burodi. Wanda ya yi dariya a shago ma yana iya zuwa, ba zan ce masa komai ba, zan dai nuna masa kwalbar Ofelia, wadda ita kaɗai muka riƙe muka sa wata a madadinta.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Wadda ta ja kowa ba za a ɗaure ta a bayan wata mota ba. Da igiya za mu ja ta, da hannu, daga rumfa zuwa filin bayan garejin Don Ruperto inda za ta huta. Mutum goma sha huɗu sun riga sun ba da suna. Don Ruperto ya ciro bulon injin ya ɗora a bayanta, na shafa wa tsagar farin fenti don mai raunin ido.

A hanya za mu tsaya sau ɗaya, a ƙofar gidan Anselmo Quiroga. A nan za mu zamo da bulon a kan katako mu ajiye shi a bakin babbar ƙofa, wadda motarsa ke fita ta ciki, tsagar tana kallon titi. Herminia da yara suna da ƙaramar ƙofa ta gefe, ba abin da zai tare su. Duk mai son sanin ko tsufa ne ya kashe Tomasa, ya je ya sa yatsa kamar yadda bakanike ya sa.

Bulon zai zauna a nan har ranar da Anselmo zai tsaya a shagon Doña Eulalia ya faɗi gaskiya, mutane suna ji. Ranar ni da kaina zan tara waɗanda za su ɗauke shi. In kuma yana ganin zai iya kafin nan, bismillah. Mutum huɗu ba sa ɗaga shi, Don Ruperto ya ce sarƙar garejinsa ba ta aro ba ce, janwe mafi kusa kuma yana Malargüe, kuma mai shi, Gumersindo Paz, shi ne zai riƙe igiyar gaba ranar Asabar.

Allah ya ba mu haƙurin rashinta. Masu zuwa su zo da safar hannu, igiyar tana da kaushi.

Nicanor Funes, a madadin iyali.