Kulu da Angonta a Bakin Tabkin Gidimuni

"Lafiya lau, amma ba kai nake jira ba," in ji Kulu, ko ɗaga kai ba ta yi daga tsintar wake ba.

Ƙarya take yi. Tun hantsi kunnenta yana bakin ƙofa. Gidan nan na Gidimuni da a da hayaniya ba ta barin mutum barcin rana, yanzu daga ita sai akuya. Mijinta Malam Yakuba ya rasu bara, ƴaƴa sun watse, wani Agadas, wani Yamai. Jikanta Khalid, mai koyarwa a wata makarantar lekol a Zinder, shi kaɗai ke leƙo ta. Yau ga shi tsaye da jaka a baya da wata sandar ƙarfe a hannu.

"In ba ni ba wa kike jira, amarya? Wa zai kwashi tsohuwa ba haƙori?"

"Haƙorana sun ci naman da ba ka taɓa jin ƙanshinsa ba. Wannan sandar fa? Makanta ce ta kama ka?"

"Sandar yawo ce. Ni da abokaina muka zo zagaya tabki da ƙafa, mu hau tudun rairayi, mu kalli tsuntsaye."

"Ku kalli tsuntsaye! Kun hau mota tun daga birni don ku yi tafiyar ƙasa? Ni da na tsufa ina zagaya tabkin nan da itace a kai, ba wanda ya ɗauke ni hoto."

"Tsoro aka ji kada salula ta fashe."

"Ja'iri. Ina abokan naka?"

"Sun yi gaba. Na ce ba na tafiya sai da matata."

"To sake ni. Miji ba goro, ba cefane, sai ƙafafu kamar na zalɓe."

"Tashi mu je, ko dai gwiwar ce ta mutu?"

Kulu ta ci gaba da tsintar wake. Gwiwa lafiyarta ƙalau. Tun ranar da aka kai Malam makwancinsa ba ta sake taka hanyar tabki ba. Can garkarsa ta kayan lambu take, kuma kullum la'asar tare suke dawowa ta bakin ruwa, shi a gaba, ita a baya tana yi masa faɗan saurin tafiya.

Khalid ya tsuguna kusa da ita, ya rage murya.

"Kaka, an canza mini wurin aiki. Bilma za ni. Sai babban hutu zan dawo."

Wake ya zube daga hannunta. Ta tsince shi ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ɗago kai.

"Madalla, na huta da ciyar da ƙato. Miƙo mini mayafina. In na bar ka kai kaɗai, kwaɗi za su kore ka."

Suka bi ta cikin garake, rake a dama, kabeji a hagu, har suka fito bakin ruwa. Iska mai sanyi tana kaɗa ciyawar kacalla, belbelu sun yi fari fat a tsallake. Kulu ta tsaya ta shaƙi ƙanshin laka da kanwa. Komai yana nan yadda ta bar shi, mutum ɗaya ne kawai babu.

Sai ta sa kai tudun rairayi, ba ta waiwaya ba.

"Amarya, a hankali!"

"Kai ne ɗan yawon, ni rakiya na zo."

"Aljanu ne ke ɗauke da ke, wallahi."

"Tuwon gero ne. Ku kuka san burodi."

Ko da ya iso sama yana haki, ya tarar da ita zaune tana kallon ƙasa, inda wani dogon dabino ya yi wa sauran zarra.

"Kakanka ya dasa shi shekarar da aka haifi ubanka," ta ce. Suka zauna har inuwa ta yi tsawo.

Da suka sauko ta ratse gindin dabinon, ta tsinci waɗanda suka faɗo, ta hure musu ƙasa, ta cika masa aljihu.

"Kaka, Bilma ake kai wa dabino? Ai dariya za su yi mini. Can ne gidansa."

"Nasu ba na kakanka ba ne. Kuma kada ka cinye a mota, na san halinka."

Khalid ya ɗaga hannu biyu sama. "Na sallama. Kin fi ni ƙafa, kin fi ni baki."

Kulu ta yi dariya har ta dafa dabinon, sannan ta goge ido da bakin mayafi.

"Wuce gaba," ta ce. "Ka yi sauri, in samu wanda zan yi wa faɗa."