Jirgin Shan Iska na Mai Hawan Dabino

Wani ne a Madina, can wajen ƙarshen shekarun saba'in, lokacin da kuɗin fetur ya sa kowane ɗan ci-rani yake jin shi ma wani ne. Sana'arsa hawan dabino a wata gona a Al-Awali. A nan kam ba a ja da shi, ko biri ya gan shi a sama sai ya sara masa. Amma da ya sauko ƙasa, sai ka rantse a can saman ya manto hankalinsa. Ruwa kuwa, in ka ɗebe tankin ban-ruwan gona da butar alwala, bai san wani ba. Ko ranar da jirgin alhazai ya ƙetare teku da shi, idonsa a runtse yake yana ta salati.

To, gogan naku sai ya kamu da son wata bazawara mai suna Dumbulwa, mai sayar wa 'yan gida tuwo da miyar kuka a unguwar Al-Sih. Mace ce mai hannu a girki, ga baki kamar reza. Manemanta biyu ne, shi da wani direba Badaru, wanda ya sayi wata tsohuwar motar Amurka mai tsawon tsiya. Duk Juma'a da la'asar Badaru zai ɗauki Dumbulwa da ƙanenta Maigandi su tafi shan iska wajen Dutsen Uhudu. Gogan naku kuwa keke gare shi, shi ma na mai gona ne.

Rannan ana cikin cin tuwo, Dumbulwa ta goge zufa ta ce, "Ni fa na gaji da hayaƙin murhu. Duk wanda ya fi iya kai ni shan iska a cikinku, shi zan ce ya turo magabata bayan Salla."

Gogan ya ajiye loma ya ce, "Hajiya, abin da Badaru ke ba ki a mota ai ba iska ba ce, ragowar numfashin mutane ce. Ni zan kai ki inda ake yin iskar."

"Ina ke nan?"

"Teku. A cikin jirgina."

Badaru ya ƙware, sai da aka miƙa masa ruwa. Ya ce, "Malam, ka iya ruwa kuwa?"

"Wanda ya sayi jirgi ina ruwansa da iya ruwa? Kai da ka sayi mota, gudu ka iya?"

Ashe ya ji labari cewa Turawan da ke aikin gina birnin Yanbu na bakin teku, in kwangilarsu ta ƙare, sukan sayar da jiragen yawonsu, irin masu inji kuma masu ƙaton ƙyalle a sama. Ya kwashe duk abin da ya tara tun zuwansa ƙasar, ya ɗaure a ƙugu, ya hau tasi sai Yanbu.

A bakin ruwa ya faɗa hannun wani dillali mai suna Ja'afaru, haifaffen can, wanda Hausarsa ta wajen kakarsa ce, rabi Hausa rabi Larabci. Ja'afaru ya dubi gogan, ya dubi ƙullin ƙugunsa, ya ce a ransa tsuntsu daga sama gasasshe.

Ya fara nuna masa wani jirgi mai kyau, fari fes, yana zaune a kan ruwa. Ya ce, "Ya Hajji, wannan markab nadif, jirgi mai tsabta, Bature likita ne yake da shi."

Gogan ya leƙa ƙasa ya taɓe baki. "Tun yaushe yake cikin ruwan nan?"

"Kullum a ciki yake."

"Kullum? Katako? Ni za ka sayar wa jiƙaƙƙen kaya? Wuce gaba."

Suka je ga na biyu. Igiyar ruwa ta ɗan kaɗa shi, ya yi dama ya yi hagu. Gogan ya ja da baya ya ce, "Wannan rawar kai gare shi. A ɗaure ma bai natsu ba, ina ga an kwance shi?"

Nan Ja'afaru ya fahimci irin mutumin da Allah ya kawo masa. Sai ya zagaya da shi bayan wani sito, inda wani tsohon jirgi yake ɗare a kan ganguna da itatuwa. Rana ta gasa shi, fenti ya ɓare, katakon ya tsattsage, akuyoyi uku suna tuƙa a inuwarsa. Idon gogan ya yi haske.

"Wannan fa, ya taɓa ruwa kwanan nan?"

"Wallah, shekara da shekaru ko ɗigo bai taɓa shi ba."

"Ka ji mai adana kaya!"

Sai ya shiga duba shi irin yadda ake duba ragon layya. Ya daki cikinsa da tafin hannu ya kasa kunne. Ya zagaya baya ya kama abin juya jirgin ya ɗaga, wai wutsiya ce. Ya durƙusa ya buɗe farfela yana neman haƙora. Ya sa yatsa a wata tsaga, yatsan ya shige har ƙarshe, ya ce madalla, aƙalla ba za a yi zafi a ciki ba. Ya tambayi birki, Ja'afaru ya nuna masa wata ƙatuwar ƙugiya mai tsatsa da ake jefawa a ruwa. Ya ce a tayar da inji. Aka yi ta fama, injin ya yi tari, ya turnuƙe wurin da baƙin hayaƙi, akuyoyi suka watse. Gogan ya ce, "Da ransa. Motar Badaru ba ta rabin wannan hayaƙin."

Daga nan ya ɗaga kai ya ga dogon itacen da ke tsakiyar jirgin, da ƙaton ƙyalle fari naɗe a jikinsa. Ya ce, "Wannan shanyar fa ta mece ce?"

"Shira'a ke nan, ya Hajji. Wannan markab hanya biyu yake tafiya. In makina, yani inji, ta mutu, da iska yake tafiya."

Gogan ya tsaya cak. "Da me?"

"Da iska. Kana buɗe ƙyallen, iska yana zuwa, yana shiga ciki, yana zama, shi yake tura ku."

"A'uzu billahi. Kana ganinsa in ya zo?"

"La, ba a ganinsa. Kukansa kawai kake ji."

"Fari ne ko baƙi?"

Ja'afaru bai gane tambayar ba, ya ce, "Kowane iri akwai. Wani mai sauƙi. Wani in ya yi fushi, sai ka yi maza ka ɗaure ƙyallen, in ba haka ba ya kife ku. Baturen ma yana tsoronsa."

Gogan ya tofa addu'a a ƙirjinsa. Shi dai a garinsu ya san abin da ake nufi in aka ce iska ya shiga abu ya zauna. Amma jirgin ya kwanta masa a rai, kuma ga Badaru. Ya kwance ƙugu ya biya, ko tayi bai yi ba. Ya ce a gyara zama, a tura jirgin ruwa ranar Juma'ar bayan Salla. Sannan ya hau itacen nan kafin Ja'afaru ya rufe baki, ya kwance ƙyallen gaba ɗaya, ya naɗe shi ya saɓa.

"Ya Hajji, ina za ka kai shira'a?"

"Matar da zan aura zan ɗauko. Ba zan haɗa ta jirgi ɗaya da masaukin iskoki ba."

Ya dawo Madina da ƙyallen, ya yi ta banka masa turare har mai gona ya zaci gobara ce. Da ya tabbata masu gidan sun tashi, sai ya ga ai asara ce a yar da yadi mai kauri haka. Ya kai wa tela ya ce a yi masa babbar riga irin ta gida, ta mai jirgi. Tela ya karya allura ya fi a ƙirga, ya ɗinka masa wata riga da za ta rufe mutum biyar, igiyoyi da zobban ƙarfe na reto a gefenta.

Ranar Juma'a aka ɗunguma Yanbu. Badaru ne ma ya kai su a motarsa, ya ce wannan kallo ba a ba shi labari. Ya tsaya a bakin ruwa ya jingina da mota yana cin gyaɗa. Dumbulwa ta sha ado, ta riƙo kwanon dambu da ta yi don a ci a tsakiyar teku. Maigandi ya kama hannunta ta shiga. Gogan ya shigo yana jan riga, ya tsaya a gaban sitiyari ya ɗaga wa Badaru hannu.

"Sai mun dawo, direba! Ka kula da ƙura!"

Inji ya tashi, jirgi ya motsa. Suka yi tafiyar da in ka yi jifa daga gaɓa za ka same su. Sai injin ya yi tari, ya yi atishawa, ya yi shiru.

Dumbulwa ta ce, "Malam, lafiya?"

"Hutawa yake yi, Hajiya. Ki sha iska."

"Wace iskar? Hayaƙin da na gudo shi na tarar. Kai Maigandi, me ya jiƙa mini ƙafa?"

Maigandi ya duba ya ce, "Yaya, ruwa ne."

Busasshen katakon nan da ya shekara yana ƙishirwa ya samu abin da yake nema. Ruwa na ɓulɓulowa ta kowace tsaga. Da ma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, banda gogan naku. Ya ce kada kowa ya damu, bari ya taka birki. Ya ɗauki ƙugiyar nan ya wurga ta a teku. Ta tafi da igiyarta gaba ɗaya, don ba a ɗaure take da komai ba.

Dumbulwa ta juye dambun a ruwa, ta shiga kwalfe jirgi da kwanon, atamfarta ta jiƙe har gwiwa. Can a gaɓa Ja'afaru dillali ya haɗa hannu a baki yana ihu: "Shira'a! Ku ɗaga shira'a! Ƙyallen!"

Maigandi ya ce, "Malam, ina ƙyallen jirgin?"

Gogan ya dubi itace, ya dubi jikinsa.

Maigandi ya kama gefen rigar ya ga zobban ƙarfe. Ya ce, "Inna lillahi! Yaya, ai ga shi nan ya saka!"

Dumbulwa ta ce, "To cire mana!"

"Haba Hajiya, a gabanki? Daga ni sai gajeren wando a ciki."

"To ka san yadda za ka yi. In na nutse a nan, wallahi ko a lahira kada ka gaishe ni."

Nan fa gogan ya tuna sana'arsa. Ya tofa yawu a hannu, ya rungumi itacen, kafin ka ce kwabo yana can ƙololuwa. Ya harɗe ƙafafu, ya ware hannuwa, riga ta baje. Mutanen da ke bakin ruwa suka taru, masunta suka bar komarsu, Badaru ya kwanta a kan mota yana riƙe ciki yana danna ham. Teku kuwa ta yi lif, ko gashin kaza ba zai motsa ba.

Gogan ya rufe ido ya shiga kira daga sama: "Ku yi haƙuri ku dawo! Turaren nan ba da ku nake ba! Fari ko baƙi, duk wanda ke kusa ya shigo!"

Shiru. Jirgi bai matsa ko taƙi ɗaya ba, sai ƙasa da yake yi a hankali. Wani masunci ya tausaya, ya turo kwale-kwalensa. Maigandi ya tsallaka, ya miƙa wa yayarsa hannu. Ta shiga, ta matse bakin zanenta, ta ce, "Maigandi, in mun isa ka ce wa Badaru ya turo mutanensa gobe."

Gogan ya jiyo daga sama. Ya ce, "Hajiya, ki ɗan ƙara haƙuri! Dillali ya rantse mini, da zarar iska ta samu, jirgin nan tafiya zai yi!"

Dumbulwa ta ɗaga kai, ta kare rana da kwano, ta ce, "Sauko, Malam. Da iska aka ce yana tafiya, ba a ce da ɗan iska ba."