Birkin Jikan Maƙera Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuskar da har yau ba ta iya kallon jama'a ba, Malam Bara'u Sa'idu, akanta mazaunin Old Trafford a Manchester, yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar amininsa, Birkin Ƙafar Dama. Ya cika ranar Asabar ɗin bayan Sallah a wani gidan wasan ƙanƙara da ke wajen Birmingham, bayan gajeriyar jinyar da mai shi ne ya ɗora masa.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, wasu 'yan hannuwan ƙarfe ne guda biyu, kowanne kamar tsawon yatsa. Suna maƙale a maɗaurin takalmi a kan siki, dogon allon nan da ake ɗaurawa a ƙafa a sulalo daga tudun ƙanƙara. Muddin mutum yana tsaye, suna naɗe abinsu. Da ya faɗi takalmi ya fita, sai su sauko su caki ƙanƙara, su riƙe allon kada ya gudu ya bar mai shi. Aikin marigayin ke nan, kuma a hannun Malam Bara'u bai taɓa zaman kashe wando ba.

An shaide shi da haƙuri da rufin asiri. Tun Malam Bara'u yana ɗalibi a jami'ar da ke Oxford Road suke tare, lokacin da abokan karatu suka ja shi wasan ya kamu da sonsa. Ya faɗi ta gaba, ya faɗi ta baya, ya faɗi yana tsaye cik ba wanda ya taɓa shi. Kowane karo marigayin yakan ce “caf” a hankali, ya tsayar da allon nan gefensa, ya ba shi damar miƙewa ya kakkaɓe jiki kamar dama hutawa ya yi. Bai taɓa kai ƙararsa gun kowa ba.

Ciwon ajali ya samo asali ne ranar da Dakta Ɗan'azumi na Birmingham, yayan Maimuna matar Malam Bara'u, ya sayi alluna masu faɗi. Malam Bara'u ya gani, ya ƙyasa, shi ma ya sayo. Da aka mayar da maɗaurin kan sabon allo, sai hannuwan marigayin suka kasa rungumarsa. Dakta ya gaya masa a waya cewa birki ma girma-girma ne, yana da masu faɗi a ajiye, zai aiko masa. Malam Bara'u ya yi dariya, ya ce jikan Sarkin Maƙeran Ɗambatta ba a aiko masa da ƙarfe ta gidan waya. Wannan kirari ya daɗe yana yi wa kansa a gaban surukai. Gaskiyar magana kuwa, tun yana ƙarami aka kai shi makarantar kwana, kuma iyakar gadonsa a maƙera shi ne leƙe daga bakin ƙofa.

Masu lanƙwasa birki sun ce a sanyi ake yi, a zura ɗan bututu a ja kaɗan-kaɗan. Malam Bara'u ya ce wannan aikin marasa asali ne. Ya kama marigayin da abin juya nama, ya ɗora shi kan wutar girki har ya yi jajir. Robar bakinsa ta narke, na'urar gano hayaƙi ta dinga kururuwa. Ya buɗa shi yadda yake so, sannan ya tsoma shi a bokitin ruwan sanyi, kamar yadda ya ga ana yi wa lauje. Marigayin ya ce “cuuu”. A lokacin Malam Bara'u ya ɗauka godiya ce. Bai san ƙarfen ya bushe ba ne ya zama kamar ƙanzo, mai jiran a taɓa shi ya karye.

Ranar da abin ya faru, surukarsa Hajiya Raki, wadda ta zo ganin jikoki daga gida, tana cikin 'yan kallo. Wannan baiwar Allah ce da Malam Bara'u bai taɓa cin abinci a gabanta ba, bai taɓa ɗaga ido ya dube ta ba. An naɗe ta da riguna, an tsayar da ita bayan shinge a gindin tudu, don ta ga abin da mijin 'yarta yake taƙama da shi. Ya taho da kyau har tsakiya, sannan ya yi abin da ya saba. Takalmi ya fita. Marigayin ya sauko zai yi aikinsa, ya ce “ƙwas”, kuma daga nan bai ƙara cewa komai ba.

Allon ya sheƙa a guje shi kaɗai. Ya ratsa tsakanin yara biyu, Allah ya tsare, ya zo ya daki shinge daidai ƙafar Hajiya. Ma'aikata suka tsayar da kowa. A cikin wannan shiru Malam Bara'u ya ƙarasa saukowa da mazaunai, ƙafa ɗaya a sama, har gabanta. Hajiya ta kau da kai, ta shiga laluben abin da ba ta ajiye ba a jakarta. Da ya lallaɓa ya durƙusa, sai ta ce da 'yarta, “Maimuna, ki ce masa sannu.” Ya gwammace a ce dariya ta yi. Ya ji kunyar da bai taɓa jin irinta ba, ya so ƙanƙarar ta tsage ya shige. Dakta kuwa har yau tari yakan sarƙe shi duk sanda suka haɗa ido.

Marigayin ya rasu ya bar ɗan tagwaicinsa, Birkin Ƙafar Hagu, wanda ya tsira saboda Maimuna ta kori mijinta daga kicin kafin a zo kansa, aka lanƙwasa shi a sanyi. Ya bar alluna biyu masu faɗi, da baƙin tabo a silin ɗin kicin, da maraya ɗaya mai gemu.

Game da jana'iza, Malam Bara'u ya so a yi ta a asirce a jujin ƙaramar hukuma, ɓangaren ƙarafa, ba tare da 'yan rakiya ba. Allah bai nufa ba. Hajiya, saboda tausayin surukinta, ta sa an tsinto gawar, ta ƙulle ta a gefen zane ta saka a akwati. Ranar Lahadi za ta tashi da ita, kuma ta ce da hannunta za ta damƙa wa kawunsa Baba Rabe, ko a samu a liƙa masa abinsa. Saboda haka za a kai marigayin Ɗambatta, a kwance shi a tsakiyar maƙera, a gaban duk mazan gidan, a gaya musu aikin wane ne. Ba za a yi zaman makoki a Old Trafford ba. Masu niyyar yin ta'aziyya ta waya su yi haƙuri, wayar Malam Bara'u za ta kasance a kashe daga ranar Litinin. Allah ya ba shi haƙurin abin da za a faɗa.