Ranar da Wakena Ya Tayar da Unguwa

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na so in burge surukata da girkin Turawa ba. Ko yanzu in na tuna sai kunya ta rufe ni tun daga tafin ƙafa, daga baya kuma in ce alhamdu lillahi, don saura ƙiris abin ya wuce na dariya.

Lokacin ina sabuwar amarya a Maisandari, a shekarun nan da ko ƙofa aka buga da ƙarfi a Maiduguri sai kowa ya duba hanyar gudu. Wanda bai zauna garin a lokacin ba, bari in gaya masa abu ɗaya don ya gane sauran labarin. In aka ji ƙarar fashewa a layi, jami'an tsaro za su zo su rufe layin, su fito da mazan gidan da ake zargi, su tafi da su bincike. Wani ya dawo da yamma, wani sai bayan watanni, wani kuma har yau ana jiransa. Mijina, Malam Bukar, malamin sakandare ne, mai gemu, mai shiru-shiru. Kullum in zai fita sai na bi shi da addu'a har ya sha kwana.

Mahaifiyarsa, Hajja, tana zaune tare da mu tun da rikici ya koro su daga Konduga. Mace ce mai kirki, amma girki dai ba ta yarda akwai wanda ya iya shi ba in ba Barebari ba. In na kawo abinci sai ta ɗanɗana, ta yi shiru, ta ce, "Wushe da aiki," wato sannu da aiki. Shi ke nan. (Ni kuwa wannan shirun ya fi min zagi ciwo.) Ga nama ya yi tsada, don hanyoyin da ake shigo da dabbobi duk sun toshe, miya kullum sai dai a ji ƙanshin daddawa.

Ana cikin haka sai na ga wata Baturiya a waya tana yin boga, wannan da ake saka faifan nama a tsakiyar burodi, amma ita babu nama ko kaɗan, da baƙin wake ta yi. Na ce yauwa, ga abin da Hajja ba ta taɓa gani ba, balle ta ce na Konduga ya fi.

Da safe na tafi kasuwa na ce wa mai hatsi ya auna min baƙin wake. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Amarya, wake in ya yi baƙi ai zubarwa muke yi." Na sayi ja na dawo, ina cewa a raina ɗan ƙauye ne bai waye ba.

A cikin kayan ɗakina akwai wata tukunyar firesha da gwaggona ta ba ni, irin mai murfin da ake ɗaurewa gam, da ɗan hanci a sama inda tururi ke fita. Ban taɓa amfani da ita ba, tana saman kabad tana ado. Na ga Baturiyar a irinta ta dafa nata, saboda haka ni ma na sauko da tawa. Na cika ta da wake har wuya. Sannan na yi abin da duk 'yar da uwarta ta koya wa dafa wake za ta yi: na jefa kanwa, gutsure mai kyau. Baturiyar ba ta saka ba, na lura, amma na ce ai ita ba ta san kanwa ba ne, Allah sarki. Na ɗaure murfi, na ɗora a kan gawayi mai jan wuta a ƙarƙashin rumfar girki.

Ba a jima ba tukunya ta fara huci, fuuu, fuuu, tana feso kumfa ta hancin nan. Hajja da ke zaune a tabarma ta zabura, carbinta ya faɗi. Tun da ta baro Konduga ba ta son duk wani sauti da ba ta san shi ba.

"Mene ne wannan kuma?" ta tambaya, hannunta a ƙirji.

"Tukunya ce, Hajja. Yanzu za ta yi shiru."

To, a nan ne na nuna basirata. Na ɗauko ɗan dutsen niƙa na ɗora a kan hancin tukunyar, na danne. Ta yi tsit. (Wallahi har daɗi na ji, na ce ka ga surukar kirki mai kula da tsohuwa.) Na raka Hajja ɗaki ta kwanta, ni kuma na shiga falo na baza faranti ina yanka albasa da attaruhu, ina 'yar waƙata. Malam yana ɗaya ɗakin yana duba takardun ɗalibai.

Ƙarar da na ji, ban san yadda zan kwatanta ta ba. Gidan ya girgiza, kwanon rufin rumfa ya yi kuka, kaji suka watse. Na tsinci kaina a ƙarƙashin tebur da wuƙa a hannu, ban san lokacin da na shiga ba. Daga waje sai ihu da salati da gudu, ana kiran sunayen yara. Malam ya fito ba takalmi ya yi ɗakin Hajja, ya same ta lafiya tana ta kalmar shahada.

Na leƙa tsakar gida. Rumfa ta huje, murfi babu shi babu labarinsa, wake kuwa ko'ina: bango, igiyar shanya, randa, har jikin bishiyar dalbejiya. Ina tsaye baki buɗe, wani dunƙule ya faɗo daga rufi ya sauka a kan ɗankwalina. A lokacin na gane abin da na aikata.

Kafin in yi magana, motoci sun tsaya a ƙofar gida. Aka buga ƙofa da gindin bindiga. "Mazan gidan nan su fito, hannu sama!"

Namiji ɗaya ne a gidan. Malam ya dube ni, ya dubi ɗakin mahaifiyarsa, ya fita.

Na bi shi da gudu. Sojoji sun cika layi, ga 'yan gora, samarin unguwa masu taya su tsaro, a bayansu, maƙwabta kuma can nesa suna leƙe. An durƙusar da Malam a tsakiyar rana, hannuwansa a ƙeya. Babbansu, wani dogo mai jin Hausa sosai, yana riƙe da murfin tukunyata da suka tsinta a kan titi, ya lanƙwashe kamar an taka gwangwani.

"Mece ce sana'arka?"

"Koyarwa nake yi, ranka ya daɗe."

"Me kake koyarwa?"

Malam ya sunkuyar da kai. "Kimiyya. Ɓangaren haɗa sinadarai."

Innalillahi! Duk darussan duniya, a ce wannan yake koyarwa. Na ga sojojin sun dubi juna, ɗaya ya je ya buɗe bayan mota. Hajja ta fito tana dafa bango, tana kiran sunan ɗanta da wata murya da ban taɓa jin ta da ita ba. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, don na san in motar nan ta tashi da shi, ni ce sila.

Na zube a gaban dogon nan. "Ranka ya daɗe, ba shi ba ne, ni ce! Wake nake dafawa!"

"Wake?"

"Wallahi wake. Ga shi ma a kaina."

Sai ga maƙwabciyarmu, Maman Rifkatu, ta ratso mutane riƙe da zanin gadon da ta shanya, ya yi dumu-dumu da jan wake. Ta baza shi a gabansu ta ce, "Oga, duba. Ta katanga ya yi min ruwa. Yarinyar nan gaskiya take faɗa." (Allah Ya saka wa matar nan, har gobe ina jin nauyinta.)

Dogon ya tura sojoji biyu suka shiga gidan. Suka daɗe, suka fito da gindin tukunya da dutsen niƙa, ɗaya yana goge wake daga takalminsa. Dogon ya sa na faɗi komai a gaban jama'a: kanwar, dutsen, dalilin dutsen. Ina faɗa ina jin yadda wautar ke ƙara girma a bakina.

"To me za ki yi da wake mai yawa haka?"

Na ce a hankali, "Boga."

"Me?"

"Boga, ranka ya daɗe. Girkin Turawa ne. A marmasa waken, a sa albasa da attaruhu da gishiri, a mulmula, a soya a mai, sai a saka a tsakiyar burodi."

Ya juya murfin da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Wato ƙosai da burodi."

Wani daga 'yan gora ne ya fara tuntsirewa, sai layin gaba ɗaya ya ɗauka, har waɗanda suka zubar da takalma wajen gudu. Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma ina cikin wannan kunyar na ji dogon ya ce, "Malam, tashi ka shiga gida. Ka koya wa matarka kimiyyar ita ma." Wallahi ban taɓa jin maganar da ta yi min daɗi kamar wannan baƙar maganar ba.

Da muka shiga aka rufe ƙofa, Hajja ta kama hannun ɗanta ta riƙe, ta ƙi saki, tana ta shafa kansa kamar yaro. Gwiwoyin wandonsa duk ƙasa. Na durƙusa ina kuka ina ba su haƙuri, ina jiran faɗan da na san na cancanta. Malam ya dubi waken da ke kan ɗankwalina. Can ya ce, "Amarya, don Allah in za ki sake girkin Turawa, ki bari sai ina makaranta, gaban shaidu."

Abin da na koya shi ne, in na ga sabon abu a waya, in fara tambayar kaina ko ba mu da shi a bakin titi da wani suna. Sannan duk abin da aka yi wa hancin numfashi, kada in ƙara toshe shi don in faranta wa kowa. Da rana tsaka ranar garin kwaki muka jiƙa muka sha mu uku, ko sukari babu, kuma ban taɓa cin abincin da ya kai shi daɗi ba, don mai gidan yana zaune a gabana yana sha.