Rasuwar Hilma, Tukunyar Gida Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗakin girki mai cike da ƙauri, Veikko Rautiainen na ƙauyen Honkamäki yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Hilma, tukunyar tururi mai hawa uku, wadda ta riga mu gidan gaskiya ranar Talata, a kan murhu, tana bakin aiki.

Marigayiya mai tsari ce. Ruwa a hawan ƙasa, 'ya'yan itace a kwandon sama, tururi ya hau ya tatse su, ruwansu ya taru a tsakiya ya gangaro ta tiyo zuwa kwalba. Ba ta taɓa ƙyamar tuffa mai tabo ba, a cikin herukka kuma, ƙananan 'ya'yan itacen nan masu tsami, ba ta fifita baƙi a kan ja. Duk wanda mura ta kwantar a ƙauyen nan cikin hunturu ya san ɗumin abin da ta tatsa. Maganarta kaɗan ce, irin ta mutanenmu: fis-fis da farko, sai ƙwal-ƙwal-ƙwal na tsohon kwabon da ake jefa mata a ruwa. Muddin yana kaɗawa, lafiya lau. In ya yi shiru, ruwa ya ƙare.

Ta gida biyu ce. Matar Veikko da maƙwabciyarsu Aune Pesonen ne suka haɗu suka saye ta. Matar ta rasu, mijin Aune ma ya bi, amma Hilma ta ci gaba da tsallake shinge duk kaka. Veikko ya kai, ya ce, "Ga ta." Aune ta ce, "To." In ta gama ta dawo da ita, a maimaita. A haka shekaru suka shuɗe, kuma ban da Hilma, Veikko ba shi da wani dalilin ƙwanƙwasa waccan ƙofar.

Jinyarta gajera ce. Ran Talata Aune ta dawo da ita a wanke, Veikko ya cika ta ya ɗora, sai bakinsa ya yi abin da bai taɓa yi ba: ya ce ta zauna ta sha gahawa. Aune 'yar mutunci ce, ta ƙi kamar yadda ya dace. "Haba, kada a ɗora don ni." Ya sake tayi, ta ce yanzu ta sha. Ya lallaba, ya kuma lallabawa, sannan ta ce, "To, rabin kofi." Suka fita baranda. Aka yi zancen gwiwarta, da ɓerayen rumbunsa, da waɗanda suka tafi suka bar su. Kwabo ya yi shiru, ba wanda ya ji. Aune ce ta ɗaga hanci ta ce, "Dattijo, gemunka ne ke ƙonewa?" Kafin su isa, gindin Hilma ya huje.

Veikko bai yi nisa a makaranta ba, amma tun ran nan yake juya maganar. Alhakin wa? Da Aune ta karɓa tun tayin farko, da ruwan ya kai su, amma da ta zubar da mutuncinta. Da shi bai yi tayi ba, da Hilma na raye, shi kuma yana nan da "Ga ta" ɗinsa. Kuma ya halatta mutum ya yi makokin ranar da ba ya fatan a ce ba a yi ta ba? Da ya kai wa Aune tambayar, cewa ta yi, "Sarkin tunani, ruwa ne ya ƙare. Ɗauko bokiti, tsuntsaye na cinye mana herukka."

Marigayiya ta bar murfi ɗaya, tiyo mai tarin jan tabo, kwalabe marayu a ɗakin ƙasa, da kwabo wanda ya yi baƙi ƙirin amma yana samun sauƙi.

Iyali na godiya ga Tuulikki, 'yar Veikko, wadda ta bugo waya daga birni ta ce, "Baba, zan aiko da sababbi biyu, kowa da tasa, a huta da jigila." Veikko ya riƙe waya, ya rasa yadda zai ƙi ba tare da faɗin dalili ba. Aune ta karɓe wayar ta ce, "Guda ɗaya, 'yar nan. Ubanki ba ya jin kwabo shi kaɗai. Dole a riƙa zama da shi."

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi. Hawan ƙasa zai tafi ma'ajiyar tsofaffin ƙarafa. Kwandon sama za a cika shi da ƙasa a dasa fure, a ɗora kan shinge, daidai inda ta saba tsallakewa. Masu ta'aziyya su zo da bokitinsu, itatuwa sun nuna. Akwai gahawa a barandar Veikko, Aune ce mai zubawa. Ana roƙon kowa, don Allah, ya karɓa tun tayin farko, domin magajiyar marigayiya za ta kasance a kan wuta.