Kabarin da Na Tare wa Ruwa

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar shekarar da korona ta sa aka rufe makarantu. Ruwa ya yi ta sauka har ya haƙa kwari a maƙabartarmu ta wajen Ƙofar Kuyambana. 'Yan boko suna cewa iroshan. Mu zaizaya muka sani, wato ruwa ya riƙa cin ƙasa a hankali har ya kai ga wanda ke kwance a cikinta.

Innata tana can, Allah Ya jiƙanta. Tun ranar da muka rufe ta na kafa guntun kwanon rufi wajen kanta, na rubuta sunanta da ajami. Da na ga kwarin yana matsowa, sai na shiga jidar buhunan ƙasa ina tare wa kabarin ruwa. Kullum bayan Asuba ina can, ina aiki, ina Ƙulhuwa, ina hawaye (gemu duk furfura, amma kuka kamar na yaye).

Ranar gayyar unguwa, mutane sun cika wurin, sai ga maƙwabcina Malam Iro ya tsuguna a gefen buhunana. Mun daɗe ba ma ga maciji da shi, saboda indararonsa da ke zuba a katangata. Na ɗaga murya don kowa ya ji:

"Malam, tashi daga kan uwata!"

Ya dube ni, idonsa jawur.

"Malam, Hajara ce nan. Matata. Ruwa ne ya tumɓuke kwanonka, wani ya tsinta ya kafa a nan. Inna ga ta can."

Na waiwaya. Can bakin kwari, babu ko buhu ɗaya, ruwa ya cinye gefen kabarin har itacen rufi ya bayyana. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, ga ta kuwa a tsage, amma ba ta karɓe ni ba.

Ba wanda ya yi dariya. Da an yi, da ya fi mini sauƙi.

Malam Iro ya miƙe, ya saɓa buhu a kafaɗa.

"Ka yi wa tawa. Taso mu yi wa taka."

Har Azahar muna cikewa. Da muka gama ya karkaɗe hannu ya ce, "To, yanzu ba mai bin wani bashi."

Yanzu in na je ziyara, duk layin nake wa addu'a. Na daina amincewa da kwano, ko da ni na rubuta shi.